Abin da Farfela Ta Haɗiye

Tun daga ƙofar asibiti Wyson Kachingwe ya san injin ya tsaya. Da safe, lokacin da marasa lafiya da masu jinyarsu ke wanka da wanki, injin ba ya samun hutu, ana jin gurnaninsa ƙasa-ƙasa daga bayan ɗakin wanki har bakin titi. Ranar Talatar nan ta watan Disamba kuwa, bayan ruwan saman da aka tafka, babu abin da ke tashi daga can sai kukan kwaɗi. Wyson ya sauka daga keke, ya tsaya riƙe da shi, ya kasa kunne sosai ko dai kunnen ne ya tsufa. Ba kunnen ba ne.

Shekararsa hamsin da takwas, goma sha tara daga ciki a nan ya cinye su yana kula da famfuna da bututai da rijiyar ƙazanta. A kwari aka gina asibitin, dab da tafki, su kuwa kududdufan da ake tace ƙazanta suna can kan tudu. Don haka duk abin da ya fito daga banɗakuna da ɗakin haihuwa da ɗakin tiyata da ɗakin wanki, har da na tantin masu kwalara bayan an zuba masa kulorin, gangarowa yake yi ya taru a rijiya guda mai zurfin mita shida. Inji biyu ne ya kamata su zauna a ƙasan rijiyar, cikin ruwan, suna tura shi tudu, in ɗaya ya gaji ɗaya ya karɓa. Na farko ya ƙone tun watan Agusta, aka ɗora shi a mota aka kai birni gyara, shiru kake ji. Na biyun ne ke ta fama shi kaɗai, ga shi yau shi ma ya ce ya gaji.

Che Twaibu, abokin aikinsa na shekara da shekaru, ya riga shi isowa. Yana tsugune a bakin rijiyar, ya ɗaga murfi, hula a ƙeya.

"Achimwene, ɗan'uwana, amaryarka fa ta yi yaji," in ji Twaibu. "Na lallashe ta, na kira sunanka, ko tari ba ta yi ba."

"Matsa daga bakin nan tukuna. Sau nawa zan ce maka kada ka riƙa tura kai ciki?"

Wyson ya shiga ɗan ɗakin wuta ya kashe makunnin injin, ya danna masa kwaɗo, ya jefa makullin a aljihun ƙirjinsa. Haka yake yi kullum, don akwai mutane masu son taimako da in sun ga makunni a kashe sai hannunsu ya yi ƙaiƙayi. Suka sa rigunan roba da takalman ruwa da safar hannu masu kauri, suka ɗaura takunkumi da tabarau. Suka kafa wani ƙarfe mai ƙafa uku a kan bakin rijiyar, suka rataya masa abin jan sarƙa. Aiki ne da suka saba: a jawo injin sama, a cire abin da ya shaƙe shi, a mayar. Awa ɗaya an gama.

Twaibu ya fara ja. Sarƙar ta taho da sauƙi, sauƙin da bai kamata ba. Can sai ga ƙarshenta ya fito yana lilo, baƙi ƙirin, tsatsa ta cinye zoben ƙarshe ta bar shi kamar busasshen kara. Injin yana can ƙasa, ƙarƙashin ƙazanta mai zurfin mita uku, babu abin da ya haɗa shi da duniya sai wayar wutarsa, ita kuma ba a ja da ita.

Suka tsaya suna kallon guntun sarƙar. Wyson ya rubuta takardar koke a kan sarƙar nan sau biyu, Twaibu ya sani, ba sai an maimaita ba.

Ba a jima ba sai ga manajan asibiti, Bambo Kamwendo, wato Malam Kamwendo a yaren garin, yana tsallake taɓo, ya toshe hanci da hankici. Mutum ne mai shekara arba'in da 'yan kai, ba shi da mugunta, sai dai duk wata matsala ta asibitin a kansa take sauka, idanunsa kullum kamar wanda ya yi kwana uku a tashar mota. Wyson ya nuna masa sarƙar, ya nuna masa alamar da ya yi da fenti a bangon rijiyar. In ruwan ya kai alamar, zai fara komawa baya, kuma magudanar ɗakin haihuwa ce ta fi kowace ƙasa, ta nan zai fara ɓullowa.

"Awa nawa muke da shi?" in ji manaja.

"In aka ci gaba da zuba ruwa haka, uku. In an rufe famfuna, watakila mu kai yamma."

Manaja ya koma gefe ya buga waya neman motar yashe masai. Ya dawo fuska a sanyaye: gada ta cika, motar ba za ta tsallako ba sai gobe, in ruwa ya janye. Ya leƙa daga nesa, ya hango matakalar ƙarfe da ɗan dandamalin da ke tsakiyar rijiyar, kamu biyu sama da ruwan.

"Daga can fa? In mutum ya tsaya can da ƙugiya?"

"Daga can minti goma ne," in ji Wyson.

"To, Bambo Kachingwe?"

"Minti goma ne in mutum ya fito."

Ya yi bayanin da ya gaji da yi. Ba a shiga rijiyar nan sai an auna iskar ciki da na'ura, an hura mata iska mai kyau da fanka, mai shiga ya sa ɗamara da igiya, mutum biyu kuma suna sama riƙe da shi. Fanka tana nan. Na'urar auna iska ta bi injin farko birni don a daidaita ta, ba ta dawo ba. Ɗamara kuwa masu fenti sun ara, sun dawo da ita maɗaurinta a yage.

"Ni zan sauka," in ji Twaibu. "Ku ɗaura mini igiya a ƙugu kamar akuya. Wari ne kuke tsoro? Ni hancina ya daɗe da yin ritaya."

"Ai shi ne abin," in ji Wyson. "Warin ruɓaɓɓen ƙwai da kake ji a sama, gargaɗi ne. In ta yi yawa hancin take fara kashewa, sai ka ce ai babu komai, sai gwiwa ta sake. Ba za ka sauka ba, Che Twaibu. Me zan je in ce wa matanka?"

"Ka ce musu su raba keken biyu."

Manaja bai yi dariya ba. Ya ce mata huɗu ne ke naƙuda yanzu haka, akwai jarirai bakwaini guda uku, in ruwan nan ya shiga ɗakin ina za a kai su? Wyson ya san duk wannan, ya ma fi manajan sanin inda ruwan zai bi. Amma kafin ya zo asibitin nan ya yi aiki a barikin ma'aikatan wata gonar rake, kuma da idonsa ya ga mutum ya sauka irin wannan rijiya ya zube ba ko ihu, surukinsa ya bi shi don ya ɗauko shi, shi ma ya zube a kansa. Wyson ne na uku, ƙafarsa har ta hau matakala, wata mata mai sayar da rogo ta cafke wuyan rigarsa ta ƙi saki. Bai cika ba da labarin ba, yau ma bai bayar ba. Ya dai dafa aljihun da makulli ke ciki ya ce:

"Bambo manaja, in ka sa wani ya sauka, to ka fara sallamata. Daga sama za mu lalubo shi. Ka ba ni izinin rufe ruwa."

Manaja ya goge fuska da hankicin, ya gyaɗa kai alamar ya yarda.

Rufe ruwa a asibiti ya fi faɗa wuya. Wyson ya fara neman Matiron Msiska, shugabar nas-nas, doguwar mace mai furfura wadda ba a taɓa jin ta ɗaga murya ba kuma ba a taɓa ganin an ƙi bin umarninta ba. Ta saurare shi har ya gama, ta ce a bar wa tiyata da ɗakin haihuwa ruwa, sauran a rufe, masu iya tafiya su koma tsofaffin masai na bayan katanga, marasa ƙarfi a ba su fo a kai can a zubar, a ajiye bokitin ruwan kulorin a ƙofar kowane ɗaki don wanke hannu. Ta aika aka tsayar da wanki.

Shi kuma ya bi bututu yana murɗe makullai. A rumfar masu jinya, inda mata ke dafa wa 'yan'uwansu abinci, ya tarar da layin bokitai a famfo. Da ya murɗe, ruwan ya tsinke a tsakiyar tukunyar wata tsohuwa, sai rumfar ta ɗauka.

"Kai Bambo mai kashi! Da me za mu tuƙa nsima, tuwon da za mu ba marasa lafiya?"

"Ku je rijiyar burtsatse ta bakin ƙofa, Mayi, uwata."

"Kai za ka ɗauko mana? Dubi ƙafafuna. Mijina kwana shida yana kwance, yau ne ya ce yana son kunu."

"Ki yi haƙuri."

"Haƙuri, haƙuri. Ka ji shi, sai wari yake yi wa mutane a kan abinci."

Gaskiyarta ce, bai kamata ya shigo wurin girki da rigar rijiya ba, gaggawa ce ta sa shi. Ya fita ta baya.

Da ya dawo Twaibu ya riga ya haɗa bututan ƙarfe uku sun zama doguwar sanda, ya lanƙwasa rodi ya yi ƙugiya a ƙarshe, ya ɗaura wa ƙugiyar igiya ta bi jikin sandar. Injin yana zaune ne tsakanin dogayen ƙarafa biyu da yake bi in zai hau ko zai sauka, kuma a kansa akwai mariƙi kamar na bokiti. Aikin shi ne a bi ƙarafan da ƙugiya cikin ruwan da ko tafin hannu ba a gani, a lalubo mariƙin. Suka kunna fanka a bakin rijiyar don ta kore musu iskar, suka tsaya a kan katakon da suka gitta, suka fara.

Sandar tana da nauyi, tana lanƙwasa, ƙarshenta yana yawo inda ya ga dama. Wyson ya yi minti ashirin kafaɗunsa suka ɗauki wuta, ya miƙa wa Twaibu. Twaibu ya yi nasa ya miƙo. Rana ta fito bayan ruwa, irin zafin bakin tafki mai ɗanko, gumi ya taru a cikin takalma har suna jin sa yana motsi tsakanin yatsu. Sau uku ƙugiyar tana kama wani abu, su ja a hankali, ya zame. Sau ɗaya ta kama wayar wuta, Wyson ya gane ta da laushinta, suka sha wuya kafin su kuɓutar da ita ba tare da sun yage ta ba.

"Kakana masunci ne," in ji Twaibu yana haki, "da ya ga abin da jikansa ke kamawa da ya sake mutuwa."

"Ja hagu kaɗan."

"Hagunka ko haguna?"

Azahar ta yi, Twaibu ya tuɓe kayan roba, ya yi wanka da sabulu da ruwan da ya ɗebo a burtsatse, ya sake riga ya yi salla a ƙarƙashin mangwaro. Wyson ya zauna a kan bulo yana jira. Matarsa Esnart ta sa masa dafaffen dankali a jaka, amma kafin ya ci sai ya tuɓe ya yi duk wanke-wanken nan, sannan ya sake sawa, ya ga ba shi da ƙarfin haka. Ya bar dankalin. Duk da rufe famfunan ruwan bai daina hawa ba, don ruwan sama na tsatsowa ta tsagar bututai. Saura taƙi biyu ya kai fentin. Manaja ya zo sau huɗu, ya tsaya daga nesa, ya koma.

Wajen ƙarfe uku ƙugiyar ta shiga wani wuri ta zauna daram. Wyson ya ji shi a tafin hannunsa kafin ya yarda. Ya ce kada Twaibu ya yi numfashi. Suka ɗaura igiyar da ke bin sandar a jikin abin ja, Twaibu ya fara ja sannu-sannu, ƙarfen mai ƙafa uku ya yi ƙara, igiyar ta miƙe. Nauyi ne na gaske. Kamar shekara guda kafin kan injin ya huda ruwan, yana zubar da baƙin dagwalo.

Suka kwantar da shi a kan siminti, suka sheƙa masa ruwan kulorin bokiti shida, suka kwance murfin ƙasa. Farfelar da ke juyawa tana tura ruwan ta shaƙe tam. Rabin zane ne ya nannaɗe ta, ya kitse da safar hannu ta nas-nas da bandeji da robar ƙarin ruwa da ƙunzugun jarirai, duk sun zama dunƙule ɗaya mai tauri kamar jijiya.

Dokar Wyson ce, shi ya kafa ta, shi yake yi wa Twaibu faɗa a kanta: ba a sa hannu a farfela, da filaya da wuƙa ake cire komai. Haka ya fara, yana yanka yana fizga. Rabin awa ya cire mafi yawa. Sai wani ƙulli ya rage a can bayan fiffiken, inda bakin filayar ba ya kaiwa. Ya gwada ta nan, ya gwada ta can. Ga yunwa na cinsa, gumi ya rufe tabarau, ga ruwa saura taƙi ɗaya. Bai ma yi shawara da zuciyarsa ba. Ya ajiye filayar, ya tura yatsu biyu ya damƙo ƙullin ya ja.

Zafin bai kai na ƙaya ba. Ya zare hannun, sai ga allura tsaye a jikin safar, ta huda roba ta shiga gefen ɗan yatsansa na tsakiya.

Twaibu ya gani. Karo na farko tun safe bai sami abin barkwanci ba.

"Achimwene," kawai ya ce.

Wyson ya cire allurar da filaya ya jefa a gwangwani, ya zare safar. Ɗigon jini ya fito, ƙarami, ja wur. Ya nufi famfon bayan ɗakin wanki ya murɗa, ko ɗigo. Sai ya tuna shi da kansa ya rufe. Ya tuɓe rigar roba da takalman a nan, ya taka ba takalmi har ɗakin haihuwa, riƙe da yatsan a sama.

Matiron Msiska ce ta tare shi a ƙofa. Ta dubi yatsan, ta dubi fuskarsa, ta ja shi wurin famfo. Ita da kanta ta riƙe hannun a ƙarƙashin ruwa tana wanke shi da sabulu, ta hana shi matsawa. A bayan labule wata mata na nishi, wata nas na ce mata ta daure.

"Allura ce ta sirinji?"

"Ita ce."

"A cikin inji."

"A cikin inji, Mayi."

Ta ci gaba da wanke yatsan, ruwa na zuba a hannuwansu. Sannan ta kai shi ofishinta ta zaunar da shi, ta ɗebi jininsa, ta tambaye shi ko ya yi allurar rigakafin ciwon hanta, ya ce ya yi duka uku. Ta yi masa ta sarƙe-haƙora. Ta ce ba wanda ya san jikin wa allurar ta fito, kuma allurar da ta daɗe a ruwa ba ta cika ɗaukar cutar ƙanjamau ba, amma ba za ta yi caca da ransa ba. Ta ɗauko kwalbar ƙwayoyi ta ce ɗaya kullum har kwana ashirin da takwas, ba fashi, ta farko yanzu a gabanta. Ta ba shi shayi da burodi ya kora.

"Ni na yi ganganci," in ji Wyson. "Na sa hannu."

"Ka sa hannu a injinka. Allurar fa, wa ya sa ta a can?" Ta rufe kwalbar ta miƙa masa. "Je ka gida."

Bai tafi gida ba. Ya koma ya zauna a kan bulo, hannu a naɗe da bandeji, yana ba Twaibu umarni. Twaibu ya lanƙwasa waya ya zaƙulo ƙullin, ya juya farfelar da sanda ta juya sumul. Suka ɗaura wa injin igiya mai kauri riɓi biyu a madadin sarƙa, mai gadi ya zo ya kama musu, suka sauke shi ya zauna a mazauninsa. Wyson ya ciro makulli ya buɗe kwaɗon ya ɗaga makunni. Injin ya yi tari, ya kama. Ruwan yana ɗan yatsa biyu ƙasa da fenti. Suka tsaya suna kallonsa yana ja da baya a hankali, ba wanda ya yi murna, ƙarfin murnar ma babu.

Kafin su tashi Wyson ya ce kada a kai tarkacen wurin ƙonawa tukuna. Ya sa Twaibu ya baza shi da cebur a kan tsohon tamfol, suka sake jiƙa shi da kulorin, suka rufe da kwanon rufi.

Rana na shirin faɗuwa ya isa gida yana tura keken, don ya kasa hawa. Esnart na tsakar gida tana gyaran ƙananan kifi. Ta ga bandejin, ta ga dankalinta ya dawo ba a taɓa ba. Ya zauna a kan turmi ya gaya mata komai, ya ajiye kwalbar a tsakaninsu. Shekara talatin da ɗaya ke nan suna tare.

"Kullum kai ne mai wa'azi," ta ce daga baya. "Kada a taɓa wannan, a wanke wancan. Ko jikokinka ba ka bari su rungume ka sai ka yi wanka. Yau kuma kai ne da hannu a ciki."

"Na gaji ne, Esnart."

"Ai na san ka gaji. Ni ma na gaji da gajiyarka." Ta ɗauki kwalbar ta juya ta, ta miƙe ta kai ta ɗaki ta ajiye kusa da gwangwanin gishiri, inda ba za a manta ba. Ta dawo ta ɗora ruwan wanka.

Washegari da safe Matiron Msiska ta zo bakin rijiya da shugabannin ɗakuna su bakwai, har da manaja. Twaibu ya ɗage kwanon. Ta sa safar hannu ta karɓi filaya, ta tsuguna da tsufanta tana tsince allurai ɗaya bayan ɗaya tana jefawa a gwangwani, kowace da ƙararta. Goma sha ɗaya. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce kowa ya faɗi yadda aka yi. Da ƙyar maganar ta fito: akwatunan zuba allura sun ƙare tun makonni uku, ana tara su a kwano, masu shara kuma in sun zo wanke kwanukan sai su juye komai a magudana. Zane da ƙunzugu kuwa masu jinya ne, ba su da inda za su jefa, kunya kuma ba ta barin su fito da su a hannu.

"Wannan mutumin," in ji Matiron, ta nuna Wyson da filayar, "jiya ya hana a kashe mana mutum a ramin nan. Mu kuma ga tukuicin da muka ba shi."

Wyson ya sunkuyar da kai. Ba ya son a nuna shi, kuma ƙwayar ta fara aiki a jikinsa.

Kwana ashirin da takwas ɗin nan sun fi ranar rijiyar tsawo. Maganin ya sa masa tashin zuciya da ciwon kai da wata kasala da ke sa ya zauna a kan bulo ya manta abin da ya zo yi. Abinci ya koma masa kamar toka. Sau biyu ya ce zai daina, Esnart ta tsaya a kansa da kofin ruwa har ya haɗiye. Twaibu ya ɗauke yawancin aikin, yana yi yana tsiya, wai Achimwene ya samu ciki ne da tsufa, a fara neman suna. A cikin kwanakin ne Twaibu ya yanka ƙarfen wani tsohon gadon asibiti ya yi walda ya haɗa kwandon raga, suka rataya shi a bakin bututun da ke zubowa rijiyar, ya riƙa tare tsumma kafin su kai ga inji. Kullum da safe sai an jawo shi an kwashe da cebur, ƙarin aiki ne, amma aikin sama ne. Matiron ta sa aka jera jarkokin da aka huda wa baki a kowane ɗaki don allurai kafin akwatuna su iso, aka ajiye durom mai murfi a banɗakin mata. Manaja ya tafi birni da kansa ya dawo da na'urar auna iska da sabuwar sarƙa wadda ba ta tsatsa. Injin farko dai bai dawo ba, an ce ana jiran wani ƙarfe daga waje. Allurai sun ragu a kwandon. Ba su ƙare ba.

Bayan mako shida aka gwada jininsa, babu komai. Matiron ta ce a sake in an cika wata uku da sukan allurar don a tabbata. Ya ci gaba da zuwa aiki, yana ƙirga kwanaki ba tare da ya gaya wa kowa yana ƙirgawa ba. A ƙarshen Maris, masara ta nuna a gonaki, ta kira shi ofis ta tura masa takarda.

"Lafiyarka ƙalau, Bambo Kachingwe."

Ya karanta, ya ninke ta huɗu. Ya zaci zai ji daɗi ya kama shi, sai ya ji barci kawai yake ji, irin wanda ya taru masa tun Disamba.

"Kana da hutun da ba ka ɗauka ba," in ji ta. "Na yi magana da manaja. Mako uku. Che Twaibu ya ce zai riƙe, an kuma ba shi mutum biyu daga masu gyaran lantarki."

"Ki gaya masa kada ya kuskura ya sauka…"

"Ya sani. Tafi."

Ranar Asabar shi da Esnart suka hau ƙaramar bas zuwa ƙauyen yayanta da ke kan duwatsu, da buhun busasshen kifi na tsaraba a ƙarƙashin kujera. An cusa su su huɗu a layin mutum uku, wata mata ta ɗora masa kwandon tumatir a cinya ba ta ko tambaya ba. Esnart ta fara ba shi labarin rikicin iyakar gona da yayan nata ke yi da maƙwabcinsa, wanda ake so Wyson ya sa baki a matsayinsa na babban suruki. Kafin motar ta gama hawan tudun farko kansa ya faɗa a kafaɗarta. Ta gyara masa wuya, ta karɓi kwandon tumatir ɗin ta riƙe, ta juya ta ci gaba da ba mai tumatir labarin.